Rasuwar Ɗan Kore, Mai Faɗin Abin da Ya Rage a Cikin Batir

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, yarinyar teburin gwaji ta shagon haɗa fitilun sola take sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar allonta, wanda ake kira Ɗan Kore. Ya cika a gaban jama'a, da rana tsaka, da ƙarya a bakinsa.

Marigayin ɗan ƙaramin koren allon lantarki ne, bai fi tafin hannu ba. Aikinsa ɗaya a duniya: a jona masa batir, ya faɗi gaskiyar wutar da ta rage a ciki. Ba ya yawan magana, shi ya sa jininsu ya haɗu da mai shi. Daga "ƙit" in an kunna shi, sai "tii" in batir ya cika.

Ita ta raine shi. Daga wurin liƙe kwalaye Oga ya ɗauko ta zuwa teburin gwaji, ya ce in allon ya yi daidai, teburin nata ne. Ta cika masa batir taf, ta bar shi ya huta. Ta zuƙe wutar har ƙasa, ta sake barin sa ya huta, don ya san cika ya san yunwa. Fanka ma ba ta kunnawa, kada sanyi ya rikita masa lissafi. Injiniyan shagon in ya wuce sai ya ce, "Uwar Ɗan Kore, ya jego?" Ita dai sai ta sunkuyar da kai.

Ciwon ajalinsa irin na baƙo ne mai kara, wanda yunwa ke cin hanjinsa yana cewa ya ƙoshi. Ranar da babban mai saye ya zo, aka jona marigayin da batirin wata fitila, ya nuna rabi cif. Mai saye ya tambaya ko fitilar za ta kai wani lokaci. Yarinyar da ba a taɓa jin muryarta a shagon ba ta ɗaga kai ta ce, "Ranka ya daɗe, ba ya ƙarya." Ba ta rufe baki ba fitila ta mutu. Injiniya ya taso a guje da caja, ya sa jar waya inda baƙa take. Hayaƙi ya tashi. Ko "tii" na ban haƙuri marigayin bai yi mata ba.

Bayan rasuwa aka gano, ashe duk renon nan da girman tsohon batir yake lissafi, wani babba da Injiniya ya rubuta masa tun kafin ta zo. Yana cin wutarta, zuciyarsa na can. Ba wanda ya tambayi Injiniya komai.

Ya bar waya biyu, ja da baƙa, waɗanda har yanzu ba sa ga maciji, da batir ɗaya maraya, da kujerar teburin gwaji da aka riga aka ba wani.

Za a yi jana'iza gobe bayan an share shago. Ba wanka, don bai son ruwa. Za a sa shi a kwalin tarkace da ke bayan ƙofa. Mai shi ce za ta liƙe kwalin da hannunta, tunda wurin liƙe kwalaye aka mayar da ita. A nan za ta karɓi gaisuwa. Wanda ya tambaye ta ya haƙuri, za ta ce masa da sauran rabi.