Rasuwar Wayar da ke Duba Shawarar Jarirai a Bagama

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ko da yake ba don mamaciyar ba, Malama Sailuba, ungozomar unguwar Bagama da ke Suleja, na sanar da rasuwar wayarta, wadda wata ƙungiya ta kawo daga Abuja da jawabi da tafi, wai a riƙa ɗaukar hoton idon jariri ta faɗi ko yana da shawara.

Marigayiyar, kai, an yi 'yar gayu. Ba ta aiki sai da hasken rana, alhali duk Suleja an san ba a fitar da jariri tsakar gida kafin suna. Sai a kai ta ɗakin mai jego, labule a sake, ƙwan lantarki yana zuba ja-ja, idon jariri cike da kwalli. Amma dai ba ta taɓa cewa ba ta gani ba, mai ladabi. Ta yi "ƙit", ta yi "ting", ta nuna kore. Kowa lafiya lau yake a wurinta.

Haka ta yi wa jikar Sailuba, ɗiyar 'yarta Luba. Sailuba ta ga tafin ƙafar yarinyar ya yi rawaya. Ta sake ɗaukar hoton. "Ting." Ta mayar da wayar jaka, ta ce wa 'yarta ta kwantar da hankalinta. Sai da yarinyar ta ƙi nono, ta fara banƙarewa, aka kwashe ta zuwa asibiti. Likita ya ce ran ya tsira, amma shawarar ta taɓa kunne.

Ajalin marigayiyar ya zo washegari a tukunyar ruwan wankan jego, cikin ganyen dalbejiya, ruwa yana tafasa. An ce suɓucewa ta yi. Waɗanda ke wurin sun ce suɓucewar ta yi nisa, har daga bakin ƙofa.

Ta bar caja ɗaya da aka gyara da salatif, da kwalinta, da 'yan'uwa da dama a Garam da Gawu Babangida, suna can suna ta yi wa mutane "ting".

Za a kai gawar bolar bayan kasuwa bayan la'asar. Babu wanka, ta riga ta yi. Babu zaman makoki. Sailuba ba za ta samu halarta ba, tana asibiti bakin gado, tana tafa hannu daf da kunnen jikarta ko za ta firgita.