Katin Rangwame da Kuɗin Itacen Zagorka

Yau da safe na buɗe rumfar itacenmu, na tarar da gatari, da kututture guda ɗaya, da kyanwar maƙwabta wadda ta zaɓi kusurwa ta haihu a ciki. Itace kuwa ko na sakace babu. Ga shi Oktoba ta yi nisa, sanyi ya fara leƙowa ta ƙarƙashin ƙofa. Ina tsaye ina lissafin abin da babu, sai maƙwabcina Obrad ya ɗora haɓa a kan shinge, kamar yadda ya saba duk lokacin da ya hango wani cikin damuwa.

"Tika, ina kwana? Bana da rangwame za ku ɗumama ɗaki ke nan?"

Na ce masa ya je ya duba kajinsa. Amma tunda labarin ya riga ya zaga layinmu, gara ku ji shi daga bakina, domin in Obrad ya ba ku sai ya ƙara gishiri.

Ku da kuke karanta ni duk mako kun san Budimir, kum ɗina, kamar yadda muke kiran babban abokin ango a nan. Shi ya tsaya a bayana a coci ranar da na auri Zagorka, shi ya riƙe 'ya'yana biyu ranar baftisma, kuma tun daga ranar, shekara talatin da ɗaya ke nan, bai taɓa barina na biya ko kofin gahawa ba. Yana da shagon tayoyi a bakin hanya da hannuwa kamar shebur. Ni kuwa tsohon mai sayar da tikiti ne a tashar mota, mai fansho wanda Masu Girma Iyayen Alkawari suka yi wa ƙarin da ya isa sayen ƙwai shida. Allah ya saka musu, har da gwaiduwa a ciki.

Duk inda muka zauna da Budimir, faɗan ɗaya ne. In na zaro walat, ya danne mini hannu. Wata rana har igiyar agogona ya tsinke. In ya ga na shirya masa, sai ya naɗe tsumman goge baki, ya ce bari ya zaga, ya bi ta wajen mai karɓar kuɗi ya biya, ya dawo yana goge gashin baki kamar bai yi komai ba. Mutane suna dariya, ni ma ina dariya. Amma gaskiya abin yana ci mini rai. Namiji ya shekara talatin ana biya masa a gaban matarsa, akwai inda yake yi masa ciwo.

Sai ga banki ya aiko mini da sabon kati, irin wanda ake kashewa yanzu a biya daga baya, da takarda mai sheƙi: rangwamen kashi talatin cikin ɗari a otal-otal na garuruwan ruwan zafi. Na zauna na yi tunani. Da rangwamen nan zan iya ɗaukar kum da matarsa Milunka, da ni da Zagorka, kwana uku, ɗaki biyu, ci da sha, in biya da hannuna. Sau ɗaya dai kafin a binne ni.

Na kai wa Obrad takardar don in burge shi. Ya juya bayanta.

"Ka karanta ƙananan rubutun nan?"

"Wane ƙananan rubutu? Ai ado ne."

"Ado? Tika, a nan suke ajiye wuƙar."

Sai da na haɗa tabarau nawa da na Zagorka kafin na iya karantawa. Kwanakin tsakiyar mako kawai. Ta waya za a kama ɗaki. Sannan babban sharaɗi: ranar fita ake biya, da katin, a injin otal ɗin. Wanda ya biya da tsabar kuɗi ya yi asarar rangwame. Nan gabana ya faɗi, domin wannan yana nufin kwana uku cur lissafin yana buɗe, Budimir yana yawo a kusa da shi.

Ranar Talata muka tashi a tsohuwar motata. A aljihun kwat ɗina na ciki akwai ambulan da Zagorka ta liƙe da kanta, dinari dubu hamsin, kuɗin itacen bana, wanda za mu ba wani mai saran itace a wani ƙauye da ke kan hanya idan muna dawowa. Mun fara da layin mai na sa'a guda da rabi, saboda daren jiya wani Mai Girma ya fito a talabijin ya rantse farashi ba zai tashi ba, kowa kuwa ya san abin da hakan yake nufi. Da muka isa famfo na yi tsalle na fita, ina jiran a danne mini hannu. Budimir bai motsa ba, yana kallon taga. Na biya. Na ce a raina, to, tsohon maƙiri, ƙarfinsa yake tarawa don babban yaƙi.

Hanyar kuwa ita ce wadda Mai Girma Uban Almakashi ya buɗe sau uku, kowane zaɓe sau ɗaya. Dole a yaba masa, domin ba kowa ke iya yanka ƙyalle a kan rami ɗaya har sau uku yana murmushi ba. Garin ruwan zafin ma ya ci gaba. Kowane baƙo yana biyan harajin ƙawata gari a kan kowane dare, kuma da kuɗin aka gina maɓuɓɓuga mai zakuna huɗu a dandali. A garin da ruwa yake tsattsafowa daga ƙasa da kansa, zakunan nan huɗu ne kaɗai ba su taɓa jiƙa ba.

Muna shiga otal na ja matar da ke teburin karɓar baƙi gefe. Vidosava sunanta, mace mai shekaru, wadda daga kallonta ka san ta ga irina dubu.

"'Yar'uwa, kin ga wancan ƙaton mai gashin baki? Ko kuka ya yi miki, kada ki karɓi kuɗinsa."

"Yallaɓai, duk wanda ya shigo nan da kum ɗinsa haka yake ce mini," in ji ta, ba ta ko ɗago kai ba. "Ni wanda ya riga zuwa da kuɗi shi na sani. An taɓa fasa mini gilashin teburi a kan haka."

Kada ku tambaye ni yadda ruwan zafin yake, ban sani ba. Kwana uku ina gadin mutum. In ya shiga tafkin wanka, in zauna ta gefen da nake hango ƙofa. In ya tashi ɗauko gishiri, in tashi tare da shi. An biya mini tausa a cikin kuɗin ɗaki, na ƙi zuwa, don ba zan kwanta rub da ciki in bar shi a sake ba. Zagorka ta dube ni a rana ta biyu ta ce, "Wai kai hutu ka zo ko aikin gadi aka ɗauke ka?" Shi kuwa Budimir ya yi shiru fiye da yadda na san shi, yana cin abinci kaɗan, ba ya ko neman faɗan kuɗin gahawa. Duk wannan na ɗauke shi dabara.

Ranar Juma'a tun ƙarfe takwas na sauka da katina a hannu, na aske gemu, na sa turare. Vidosava ta juyo mini da injin, fuskarsa baƙi ƙirin.

"Babu sabis."

"Kamar yaya babu sabis?"

"Yau Mai Girma zai zo ƙaddamar da sabuwar wayar intanet mai sauri. Sun cire tsohuwar tun asuba, don in ya danna maɓalli a ga bambanci. Sun ce ƙarfe sha ɗaya."

Kun ji hikima. A hana gari duka abin da yake da shi, don a yi bikin dawo masa da shi. Na koma teburin karin kumallo da niyyar riƙe Budimir da hira har sa'a uku. Na tayar da zancen ƙwallo, na tayar da zancen aikin soja, har rigimar iyakar gonar kakansa na tono. Ƙarfe tara da rabi ya naɗe tsumman goge baki. Ya shafa aljihun ƙirjinsa. Ya ce, "Bari in zaga."

Jama'a, ban san ina da sauran gudu a jikina ba. Na bi ta bayan teburin cuku, na ture wani bawan Allah mai ɗauke da faranti, na isa gaban Vidosava ina haki. Na zaro ambulan ɗin Zagorka na yage bakinsa.

"Yallaɓai, in ka ba ni tsaba babu rangwame fa. Dubu arba'in da takwas cif. Ka jira sha ɗaya mana."

"Karɓi! Yana zuwa!"

"Wa?"

"Ki karɓa, na roƙe ki da girman Allah!"

Ta ɗaga kafaɗa, ta ƙirga, ta buga hatimi. Na riƙe rasit ɗin nan, na juya don in ga fuskar wanda na kayar bayan shekara talatin da ɗaya. Babu kowa a bayana. Can ƙarshen baranda wata ƙofa ta buɗe, Budimir ya fito yana goge hannu a jikin wandonsa. Bayan gida ya je da gaske. Abin da ya shafa a aljihu kuwa ƙwayar maganin hawan jini ce.

Ya ga rasit a hannuna, ya tsaya. Na jira ya yi ihu, ya kira ni maci amana kamar yadda ya kamata. Sai ya kama ni ta gwiwar hannu ya fitar da ni wajen zakunan nan busassu, muka zauna a kan benci.

"Kum," ya ce, "tun Afrilu na rufe shago."

"Wane shago?"

"Shago nawa nake da shi? Shekara biyu suna haƙa a ƙofata, wai faɗaɗa hanya. Mota ba ta iya tsayawa. Na sayar da injina." Ya ja gashin bakinsa. "Kwana ukun nan ban yi barci ba. Ina tsoron ka yi mini irin kawaicin da ka saba, ka bar ni in yi nasara. Abin da ke aljihuna ko dare ɗaya ba zai biya ba."

Kunya ta kama ni, ta cewa kwana uku ina kallon hannun mutumin nan ban kalli fuskarsa ba ko sau ɗaya. Kuma ba zan ɓoye muku ba, a ƙarƙashin kunyar akwai wani daɗi da ban taɓa ji ba. Abin da na iya cewa kawai shi ne, "Ai da rangwame ne, kum, ba wani abu ba ne." Ya ce, "Allah ya yi wa bankin albarka." Na ce amin, ina murza ambulan ɗin da babu komai a ciki sai dubu biyu.

Mai Girma bai iso ba sai ƙarfe ɗaya. Muna barin gari muka ji 'yan busa sun kama, alamar an danna maɓalli.

A hanya, da muka zo ƙauyen mai itace, na taka mota na wuce kamar ban ga kwanar ba. Sai da muka sauke su kum a ƙofar gidansu Zagorka ta juyo gare ni.

"Tun ranar farko Milunka ta gaya mini zancen shagon a cikin ruwa," ta ce. "Da ka zauna ka sha gahawarka har injin ya dawo, babu mai riga ka."

Na taka birki. "Kin sani? Me ya hana ki faɗa mini?"

"Amana ta ba ni. Kuma shekara talatin da ɗaya kana jiran ka yi gudun nan, ni ce zan hana ka? Na gan ka ta gilashi, har ka ba ni sha'awa." Ta gyara ɗankwalinta. "Amma bana kai ne za ka kwana ta gefen taga."

To, ga yadda aka yi mai katin rangwame ya biya kuɗin otal cif da cif, ya kuma dawo gida babu itace. Katin yana nan a walat, sabo fil, ko sau ɗaya bai shiga inji ba, kuma banki ya turo saƙo yana taya ni murnar zama cikin manyan abokan hulɗarsa. Rasit ɗin kuwa na liƙa shi a jikin firji, inda Budimir zai gan shi duk ranar da ya zo. Jiya ya zo, ya gani, ya ce in ban cire ba zai cinye shi.

Ɗazu da rana na ji a rediyo wani Mai Girma yana tabbatar wa al'umma cewa sanyin bana ba zai yi tsanani ba, an riga an ɗauki matakai. Ina jin haka na haɗiye girman kai, na je bakin shinge na roƙi Obrad aron bargo biyu.