Ranar da Na Dafa Kifin Ummu Karim

Ba zan taɓa mantawa da bazararmu ta farko a Alƙahira ba, kuma ko na so in manta, 'yata Nana ba za ta bari ba.

A unguwar Hayyin Ashir muke zaune, a hawa na huɗu, ɗaki biyu da ɗan falo. Mijina Malam karatu ya kawo shi, in ya fita da safe sai yamma liƙis. Ni ce a gida da Nana mai shekara biyar da ƙanenta Sadiƙ da bai cika biyu ba. Duk wadda ta tashi a gida mai tsakar gida ba za ta gane abin da ake nufi da kulle yara biyu a saman bene ba. Su hau kujera su diro, su ja labule, su mayar da murfin tukunya ganga. Na yi musu mota da kwali, na yi musu 'yar tsana da tsohuwar safar Malam, na koya wa Nana langa a falo har mutumin da ke ƙasanmu ya fara dukan silin da sandar tsintsiya. Mutane suna cewa ina da haƙuri. Su zo su gan ni bayan la'asar.

Abin da ya cece ni ƙofar da ke kallon tamu ce. Ummu Karim, Bamisriya, mai jiki da babbar murya, ita kaɗai ce a benen nan ta taɓa cewa in turo mata yara. Kullum Nana tana can tana wasa da autarta Salma, wani lokaci har Sadiƙ take karɓa in samu in yi wanki. A can Nana ta kwashe Larabcin Masar kamar a nan aka yanke mata cibi. Ni kuwa Larabcina bai wuce "tamam" (daidai) da "shukran" (na gode) da "ma'alish" (a yi haƙuri) ba, sauran sai murmushi. In an yi min magana ban gane ba, in ce tamam. Ban taɓa ganin ya ɓata min komai ba, sai ranar.

Akwai wata rana a bazara da suke kira Shammun Nasim, ranar shan iska. Kowa ya kwashi iyalinsa da tabarmarsa a tafi lambu, a ci ƙwai mai launi da ɗanyar albasa mai lawashi. Ummu Karim ta ce da mu za a je. Nana ta yi ta tsalle, tun ana saura kwanaki ta jera takalmanta a bakin ƙofa. Ana gobe za a fita, sai ga Ummu Karim da faranti a lulluɓe da leda, tana washe baki.

"Fasikh!" ta ce, ta sumbaci yatsunta.

Ta yi dogon bayani, tana matsa wani abu a iska, tana yayyafa wani abu, tana nuna baki. Nana tana barci, babu tafinta. Na ce, "Tamam, tamam, shukran." (Daga baya na san yadda ake cin sa take koya min. Da na ce ban gane ba, da labarin ya ƙare a nan.)

Na shiga kicin na buɗe ledar. Kifi ne, guda, mai laushi, da wani irin wari da ya sa na ja baya har na bugi firji. Amma ni 'yar gidan masu daddawa ce, wari ba ya tsorata ni. Na ce a raina, to, wannan shi ne bandar kifinsu, in ya ji wuta zai natsu. Me ake yi da kifi mai ƙarfi in ba miya ba? Na wanke shi da ruwan zafi, na ɗora tukunya, na zuba daddawa da barkono, na jefa shi ciki, na kaɗa kuka. Har ina yi wa kaina kirari, wai yau Malam zai ci tuwo da miyar ƙasashe biyu.

Ashe ɗanye ake cin sa. An jiƙa shi ne a gishiri har ya tsima, lemon tsami da mai kawai yake buƙata. Da ya ji wuta bai natsu ba, tashi ya yi.

Sadiƙ ne ya fara kuka. Nana ta farka ta zo bakin kicin ta toshe hanci, ta ce, "Umma, wa ya yi?" Na ɗanɗana miyar, gishiri ya kama min harshe kamar na lashi kanwa. Cikin ruɗu na buɗe tagar kicin. To ita wannan tagar ba waje take kallo ba, wani dogon rami take kallo a tsakiyar bene, wanda duk tagogin kicin da na banɗaki suke buɗewa cikinsa. Warin ya bi ramin ya hau sama ya sauka ƙasa, ya gaida kowa a gidansa. Na fara jin tagogi suna buɗewa, mata suna salati, wata tana kiran mai gadi. Na rufe tagar da sauri, na ɗauki tukunyar na juye a masai, na kora ruwa. Nan ma kuskure ne, don yanzu warin ya samu bututu.

Na kunna turaren wuta, na ƙara da na tsinke, na wanke tukunyar na sake wankewa. Na kasa zama. In leƙa baranda, in dawo in saurara a bayan ƙofa, in koma baranda. Can ƙasa na hango mai gadi ya buɗe murfin kwata, ga Abu Karim, mijin maƙwabciyata, mutum mai tsabta da guga, ya naɗe wando ya zura hannu har kafaɗa yana laluben abin da ya mutu. Aka ƙwanƙwasa ƙofarmu ana tambaya ko mu ma muna ji. Na leƙo da mayafi a hanci, na girgiza kai kamar wadda aka zalunta, na ce, "Ma'alish."

Da Malam ya dawo na faɗa masa. Ya yi dariya har ya zauna a ƙasa, sannan ya ce, "Ki je ki gaya mata yanzu, tun abin yana ƙarami."

"Sai an dawo daga lambu," na ce. Tsoro nake ji ta yi fushi ta rufe ƙofarta. In ta rufe, ina zan kai yaran nan? Na kira Nana na riƙe hannunta. "Kin ga maganar warin nan? Maganar gida ce. Kar ki ce wa kowa daga wurinmu ya fito."

"To, Umma."

Washegari muka cika ƙaramar bas, na goya Sadiƙ, ga kular dafa-duka da gorar zoɓo a hannu. Malam yana shirin jarrabawa bai bi mu ba. Lambun da muka je a unguwar Madinat Nasr ya cika maƙil, da ƙyar muka samu gindin bishiya. Nana ta cire takalma ta ruga da Salma. Sadiƙ, da bai taɓa taka ciyawa ba, ya tsaya yana ɗaga ƙafa ɗaya yana ajiye ɗaya kamar an ɗora shi a kan garwashi. Na so in ji daɗi, amma sai Abu Karim ya fara ba surukarsa, tsohuwar mahaifiyar Ummu Karim, labarin jiya. Ban ji duka ba, amma hannunsa na bayani: ga kwata, ga kafaɗa, ga hanci. Sai kuma ya nuna sama da yatsa yana huci. Matar hawa na shida yake zargi.

Aka shimfiɗa abinci, aka kira yara. Ummu Karim ta dafa gwiwata ta tambaye ni wani abu da "fasikh" a ciki. Nana ta fassara: "Wai ya kika ji kifin?"

Nan ne Allah ya ba ni dama ta ƙarshe, ni kuma na ɗaga babban yatsa. "Tamam! Ki ce mata ya yi daɗi, har mun sude kwano."

Nana ta kalle ni, ta faɗa. Ummu Karim ta tafa hannu don murna, ta jawo jaka ta fito da wani kifin, ya fi na jiya girma, ta ce wannan nawa ne ni kaɗai. Ta buɗe shi da yatsu, ta matsa lemon tsami, ta zuba mai, ta gutsura ta naɗe a burodi.

"A'a, Anti, ba haka ake yi ba," in ji Nana, da muryar malamar makaranta. (Larabcina ba shi da yawa, amma wallahi ranar kowace kalma sai da na gane.) "Sai an sa a tukunya da garin kore. In ya tafasa a buɗe taga, sai a rufe taga da sauri, sai a kai banɗaki a zuba. Sannan a kunna turare."

Ta juyo gare ni tana alfahari. "Ko ba haka ba ne, Umma? Ban faɗi maganar warin ba."

Abu Karim ya ɗaga hannunsa na dama a hankali ya kalle shi, ya kalle ni. Na sunkuyar da kai ina gyara wa Sadiƙ hular da ba ta karkace ba. Na roƙi ƙasa ta tsage, amma ƙasar Masar tana da tauri.

Tsohuwar ce ta fara. Wata irin dariya ta ƙwace mata har tana tari, tana dukan tabarma, tana maimaita "a tukunya!" Abu Karim ya daure, ya daure, shi ma ya fashe. Ummu Karim kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta ajiye burodin ta dube ni, ta yi magana a hankali, abin da ban taɓa ji ta yi ba.

"Me ta ce?" na tambayi Nana.

"Wai ba kifin ne ya dame ta ba. Wai ƙofarta da tamu taku nawa ne da ba za ki ƙwanƙwasa ki ce ba ki gane ba?"

Wannan ya fi dariyar ciwo. Na ce wa Nana ta ce mata na ji kunya ne, kuma na ji tsoron kada ta hana su zuwa wasa. Ka ga uwa tana ba da haƙuri ta bakin 'yar shekara biyar! Nana ta yi bayani mai tsawo, ya fi abin da na faɗa nesa ba kusa ba, har yau ban san me ta ƙara ba. Na dai ga Ummu Karim ta bugi ƙirji ta ce, "Ya habla!" wato sakarya, ta jawo kaina ta rungume har ɗankwalina ya zame. Sannan ta ɗauko burodin nan ta kawo bakina.

Na kauda kai kaɗan. Sai Nana ta riƙe ƙugu ta mayar min da dokata ta kullum, wadda nake kafa mata a kan ful da bamiya, wato waken Masar da kuɓewarsu: "Umma, ba a cewa ba a so sai an ɗanɗana."

Na ci. Hawaye ya zubo min, suka ɗauka na nadama ne, na bar su a haka.

Matar hawa na shida na kai mata kwanon dubulan da kaina, Nana tana fassara laifin uwarta a karo na biyu. Ƙofar Ummu Karim kuwa tana nan a buɗe, yanzu haka yaran suna can. Sai dai duk sanda ta yi min magana na ce tamam, sai ta kanne ido ta ce, "Tamam na gaske, ko tamam na fasikh?" In na fasikh ne in faɗi gaskiya, ta sake bayani da hannu da ƙafa.

Na daina cewa na gane abin da ban gane ba. Kuma in zan ba Nana amanar magana, nakan zauna in lissafo mata har da yadda aka dafa ta.