Benen da Aka Gina Mini da Biro

Tun ranar Talatar makon jiya ni mai bene ne. Ban sayi bulo ba, ban kira lebura ba, ko buhun siminti ɗaya bai shigo gidana ba. Ofishin harajin gidaje ne ya gina mini shi da biro, cikin minti shida. Takardar da aka liƙa a ƙofata ta ce gidan ya tashi daga rukuni na uku zuwa na ɗaya, harajinsa ya ninka sau huɗu, kuma idan kwana talatin suka cika ban biya ba, za a garƙama wa ƙofar kwaɗo a shafa mata jan fenti. A bayan ƙofar nan akwai ni, da matata, da 'ya'yanmu uku, da mahaifiyata mai shekara tamanin da ɗaya.

Ga asalin maganar. Mahaifina magini ne. Shekara ashirin da biyu da suka wuce ya yi niyyar ɗora bene a kan ɗakuna ukun da ya gina. Ya fara da matakala, don a riƙa hawa da kayan aiki. Ya zuba taki goma sha huɗu a jikin bangon tsakar gida, ya bar rodi takwas a tsaye suna kallon sama. Sai siminti ya yi tsada, sai ciwon ƙafa ya kwantar da shi, sai Allah ya yi masa rasuwa. Matakalar tana nan inda ya bar ta. Wanda ya hau ta har ƙarshe zai tarar da kwanon rufi da kashin tantabaru. Matata tana ɗaura igiyar shanya a jikin rodin. Inna kuwa kullum da safe a taki na uku take zama ta sha hantsi, inda tsohon yake zama yana wanke cokalin gininsa.

Mai Girma Ma'aunin Gidaje ya iso layinmu da misalin ƙarfe goma sha ɗaya, da fayil a hammata da tef ɗin awo a ƙugu. Tef ɗin bai bar ƙugun ba har ya tafi. Ya tsaya a tsallaken titi, a inuwar rumfar maƙwabcina mai walda, wanda muke kira Tartsatsi, ya ɗaga kai yana duban saman katangata.

Na tsallaka na gaishe shi. Na ce, "Ranka ya daɗe, bismilla, shigo ka gani da idonka."

Ya ce, "Ba ma shiga gidaje. Sabon tsari ne, don kada a ce an ba mu wani abu."

Dole a yaba wa wannan bawan Allah. Ma'aikaci ne da ya tsare mutuncinsa har ya ƙi kallon abin da aka aiko shi ya kalla.

Ya nuna da biro. "Waccan mece ce?"

"Matakala ce, yallaɓai."

"Ina take zuwa?"

"Ba ta zuwa ko'ina."

Ya dube ni da tausayi. "Malam, shekarata goma sha tara a wannan aiki. Ban taɓa ganin matakalar da ba ta zuwa ko'ina ba."

Ya juyo mini da fom ɗin don in gani. Layi na bakwai ya ce: matakala, akwai ko babu. Idan akwai, a wuce shafi na biyu. Shafi na biyu kuwa na benaye ne kaɗai. Na duba sama da ƙasa, babu gurbin da za a rubuta cewa mutum ya yi niyya kuɗi suka ƙare. Ya rubuta ɗakuna uku a ƙasa, ya ce bisa ƙa'ida na sama ba sa gaza na ƙasa, ya ƙara uku. Sannan ya tambayi Tartsatsi ko unguwar tana da ruwan famfo. Tartsatsi ya ce akwai famfo. Ya rubuta akwai ruwa.

Kafin la'asar labari ya gama layi. Tartsatsi ya ɗage gilashin waldarsa ya rusuna mini. "Barka da arziki, mai bene! Don Allah a ba ni hayar ɗakin da ke kallon gabas, an ce iska ba ta yankewa a can." Yayan matata ya bugo waya yana ƙorafin an ɓoye masa gini kamar ba ɗan uwa ba, ya ce zai aiko da kujerunsa tsofaffi a ajiye masa a sama. Ita kanta matar tawa da ta gama karanta takardar, sai ta ninke ta ta ce, "Baban yara, in an zo rabon ɗakuna, ni dai kicin ɗina a sama nake so."

Da aka gama dariya, Tartsatsi ya kawo shawara ta gaske. Ya ce zai yanke rodin a kyauta, a samo masu guduma biyu su fasa matakalar gobe kafin azahar, magana ta ƙare. Na shiga gida na gaya wa Inna a hankali. Tana zaune a takinta na uku, ba ta ko ɗago kai ba.

Ta ce, "Kai, ubanka da ƙafa mai ciwo ya zuba wannan. Ni na riƙa miƙa masa ruwa. Wanda zai fasa ta ya fara da inda nake zaune."

Ban ƙara tayar da zancen ba. Washegari na nufi ofis.

A bangon ofishin akwai allo mai kyau da ke bayyana yadda ake ƙiyasta darajar gida: girman fili, yawan ɗakuna, irin kayan gini, yanayin unguwa, da hayar da gidan zai iya kawowa. Na karanta shi sau biyu ina tsaye a layin jira, na ji daɗi ƙwarai, domin duk abin da aka lissafa ana iya auna shi da tef irin wanda na gani a ƙugu.

Akawun teburin farko ya saurare ni har ƙarshe, ya ce abu ne mai sauƙi, in kawo shaidar cewa babu bene. Na koma gida, na hau taki goma sha huɗu, na ɗauki hoto, na biya aka wanke shi, na dawo. Ya riƙe hoton nesa, ya matso da shi kusa.

Ya ce, "Wannan ai hoton sararin sama ne."

Na ce, "Shi ne abin da ke wurin."

"Mu hoton benen da babu muka nema. Sararin sama kowa yana da shi a gidansa."

Ya tura ni tebur na biyu, wurin wata Hajiya mai hatimi uku a gabanta. Ta bayyana mini cewa ginin da ya shiga rajista ba ya fita sai da takardar shaidar rushewa. Na tambayi inda ake samunta. Ta ce sai na gabatar da takardar izinin da aka gina shi da ita. Na ce babu izini, tunda ba a yi ginin ba.

Ta ajiye biro. "Wato bene ka ɗora ba izini? Malam, ka san tarar wannan kuwa? Zan yi kamar ban ji ba, saboda furfurarka."

Na yi mata godiya. Ba kullum ake yafe wa mutum laifin da bai samu sukunin aikatawa ba.

Kafin in tashi na yi wata tambaya da ta daɗe tana cina. A ƙarshen layinmu akwai gidan wani Mai Girma, hawa uku, gilashi tun daga ƙasa har sama, na'urar sanyaya ɗaki goma sha biyu a bango ɗaya kawai. A can ƙoli, ta kusurwar baya, an bar rodi huɗu a tsaye shekara tara. A jerin da aka kafe a ofis, gidan yana rukunin gine-ginen da ba a kammala ba, waɗanda ba sa biyan komai.

Hajiya ta ce, "Ai rodinsa yana nuna bai gama ba."

"Nawa rodin fa?"

"Naka yana nuna ka fara."

Na gyaɗa kai. Ilimi ne, kuma ba a banza gwamnati take tura mutane kwas ba.

Daga ƙarshe ta tausaya mini ta ba ni takardar shigar da koke. Ta buga mata hatimi biyu daga cikin ukun. An rubuta: kwamitin sauraron koke-koke, ranar Alhamis, ƙarfe goma na safe, ɗaki na talatin da ɗaya, hawa na uku. A ƙasa da jan rubutu an ƙara cewa wanda bai halarta ba an kori kokensa.

Da yake ni mutum ne mai son sanin hanya tun kafin ranar tafiya, sai na ce bari in leƙa ɗakin. Na hau hawa na biyu, na ga wata matakala ta ci gaba, na bi ta. A ƙarshenta akwai ƙyauren kwano da aka ɗaure da waya. Na tura. Rana ta dake ni a fuska. Ga tankin ruwa, ga kujera mai ƙafa uku, ga rodi a tsaye layi-layi, ga tantabaru suna kallona kamar sun san ni.

Wani dattijo, masinjan ofishin, ya biyo ni yana haki. Ya ce, "Ɗana, me kake nema a nan?"

Na nuna masa takardar. Na ce, "Baba, ina hawa na uku?"

Ya ce, "Kana kansa. Shekara huɗu ke nan da buɗe shi. A gindin matakalar nan aka yanka ƙyalle, ni na riƙe almakashi. Bara ma an sake masa labule."

"Kwamitin yana zama kuwa?"

"Duk Alhamis. Ni nake kai musu takardar halarta gida-gida su sa hannu."

"Akwai wanda ya taɓa cin nasara?"

Ya yi ɗan tunani. "Ba a taɓa samun wanda ya zo ba. Da sun ga ƙyauren sai su juya. Kai ne na farko da ya tura shi."

Na koma gida na ba da rahoto. Matata ta ce in sa babbar riga, kada kwamiti ya raina ni. Tartsatsi ya ce zai ara mini kujera mai ƙafa huɗu. Inna ta ce in tafi da lema, kuma in duba mata ko an zuba tasu matakalar da kyau.

Na riga na duba. Tasu taki goma sha uku ce, biyu sun tsage. Ta tsohona ta fi ta da taki ɗaya, kuma ko tsaga babu.

Zuwa lokacin da nake wannan rubutu, saura kwana ashirin da uku a kawo kwaɗo. Inna tana taki na uku. Kujerun yayan matata sun iso jiya, suna tsakar gida suna jiran a hau da su. Ni kuma jibi Alhamis, ƙarfe goma daidai, zan kasance a ɗaki na talatin da ɗaya. Abin da ban tabbatar ba shi ne ko ta hagun tankin yake ko ta damansa.