Asirin Mikiya

Duk faɗin Ireland ba a taɓa yin gwanin zanen gini kamar Mista Ambrose Tuohy ba. Shi da kansa ya sha tabbatar da haka. Mutanen Kilbrannock suna kiransa Ginshiƙi, shi kuwa ya ɗauka yabo ne. Sau ɗaya ya je Landan, ya yi kwana huɗu, tun daga nan bai ƙara ganin miƙaƙƙen bango a garinsu ba.

A 1868 majalisar gari ta sa gasar zana sabuwar kasuwar man shanu. Sharaɗin ɗaya ne: kowa ya sa laƙabi a zanensa, sunan gaskiya a rufe cikin ambulan, don kada alƙalai su yi son kai. Ginshiƙi ya zana hasumiya mai agogo da tagogi masu tsini irin na coci, ya sa hannu "Mikiya".

Ya riƙe asirin kwana ɗaya cur.

Ran Lahadi ya tare limaminsu, Fada Hession, a ƙofar coci. "Fada, ka san ni ba mai surutu ba ne. Amma in ka ga Mikiya, ka cire hula." Ran Litinin ya tsayar da keken dokin likita cikin ruwan sama, ya yi masa bayanin hasumiya tun daga harsashi har ƙololuwa, mai naƙuda na can tana jira. Kafin Juma'a alƙalan nan bakwai kowa ya sha jawabi, kowa ya rantse ba zai faɗa ba.

Ranar sanarwa ya sa sabuwar kwat, ya zauna layin gaba riƙe da godiya shafi tara. Shugaban majalisa, Malachy Phelan, dillalin man shanu, ya buɗe ambulan ya kira sunan wani baƙo daga Belfast.

Ginshiƙi ya miƙe. "Jahilci! Na ba ku fada, kun zaɓi rumbu! Jikokinku za su yi kuka!"

"Zauna, Ambrose," in ji Phelan. "Naka ya fi kyau. Mu bakwai mun yarda."

"To me ya hana?"

Phelan ya sosa ƙeya. "Ginin shekara uku zai ci. Muka dubi zanen, muka tuna shekara ukun nan kai za ka yi ta yi mana bayaninsa. Mun gode da ka faɗa mana da wuri. Da ka yi shiru, da mun afka."