Yadda Za Ka Mayar da Shagon Yayanka Babban Kamfani a Intanet

Ɗan'uwa, gyara zama. In ka bi matakan nan bakwai ba tsallake, na yi maka alkawari cikin wata guda duk wanda ya duba wayarsa zai rantse kana da ma'aikata hamsin da motar kamfani. Ba labari na ji ba, ni na gwada da hannuna, kuma ta yi aiki fiye da yadda na roƙa. Satifiket uku gare ni na kasuwancin intanet, kowanne na kwas ɗin kwana biyu, kuma ko allura ban taɓa sayarwa ba. Ka ga ke nan kana hannun masani.

1. Nemo mai sana'a

Kada ka ɓata ƙuruciyarka wajen koyon sana'a, wannan aikin mutanen da ne. Kai naka tunani ne. Duba cikin dangi ka zaɓi wanda hannunsa ya iya aiki, bakinsa bai iya musu ba.

Ni Allah ya ba ni Yayana. Kafinta ne, shekara goma sha tara a shago ɗaya mai ƙofar langa-langa, fensir a bayan kunne, garin katako har cikin gira. Abin da ke riƙe da shagon, da gidansa, da ni da ke cin abinci a gidan, aiki ɗaya ne tak. Duk dogon hutu wani dattijon hedimasta mai makarantar kuɗi yakan ba shi aikin benci da tebur na sabon zango. Shekara goma sha ɗaya ba fashi. Sauran watannin kuwa gyaran ƙofa ne da ƙafar kujera.

Sai ka same shi yana tsakiyar aiki ka ce, "Yaya, duniya ta tafi ta bar ka."

Zai ce, "Ina ta nufa?"

Ka ce, "Cikin waya."

Nawa dai cewa ya yi, "Allah ya kai ta lafiya. Miƙo min guduma." Kada ka karaya. Maimaita masa safe da yamma har ranar da zai ce, "Don Allah yi abin da ka ga dama, ka bar ni in yi aiki." A ilimin kasuwanci wannan shi ake kira sa hannu a yarjejeniya.

2. Raɗa suna, ka yi tambari

Sa wa shagon sunan Turanci mai tsawo, wanda shi kansa mai shagon sai ya huta a tsakiya kafin ya ƙarasa faɗa. Akwai manhajojin tambari na kyauta birjik. Ni zaki na zaɓa, sanye da kambi, yana riƙe da zarto. Sannan ka ba kanka muƙami, tunda ba wanda zai ba ka.

Za a yi maka dariya a gida, ka daure. Matar Yaya tun ranar ta daina kiran sunana. "Manaja, in an tashi daga taron shugabanni, ga jarkokin ruwa can suna jiran sa hannunka." Ka ɗauki jarkokin. Manyan attajirai duk da haka suka fara, in ji malamin kwas ɗina.

3. Kada ka ɗauki hoton kayan gaske

Kuskuren 'yan koyo ke nan. Bencin Yaya zai shekara ashirin yara na tsalle a kai bai motsa ba, amma a hoto benci ne kawai. Nemi manhajar nan mai zana hoto da kanta, ka ce ta yi maka falo mai fitilu da kujerun alfarma, ka lafta tambarinka a kusurwa.

Da na nuna wa Yaya, ya kawo wayar kusa da ido, ya mayar da ita nesa, ya daɗe yana kallo.

"Wannan kujerar ƙafarta nawa?"

Na ƙirga. Biyar.

"Wanda ya yi ta bai taɓa zama ba," in ji shi.

Ka ce masa salo ne. Ka tuna, kwastoma ba kujera yake saya ba, mafarki yake saya. Wannan jimlar kaɗai data ta sati guda ta ci min, saboda haka ka riƙe ta da kyau.

4. Tara masu yabo

Shafi ba yabo kamar kasuwa ce ba hayaniya. Tura wa dangi su rubuta cewa sun saya sun ji daɗi, amma ka rubuta musu abin da za su ce. Ni na yi sake, sai ga Goggo a ƙarƙashin hoton falon: "Allah ya yi albarka, ka rage yawo, ka gaida matar yayanka." Cikin sati biyu mun tara mabiya dubu biyu. Rabinsu masu sayar da kwas ne irin wanda na yi, sauran kuma ban tabbatar mutane ba ne.

5. Karɓe wayar

Nan ne zuciyar darasin, ka buɗe kunne. Yaya na da mugun hali: ƙara ɗaya waya za ta yi ya ɗauka, ko da ƙusa uku a bakinsa, ya tambayi mutum gida da yara da jikin tsohuwa kafin a zo maganar aiki. Haka ake jawo wa kamfani raini. Ka taɓa kiran babban kamfani aka ɗauka?

Karɓe layin shagon, ka ba shi ƙaramar waya da sabon layi don iyali. Sa saƙon da ke amsa kansa. Ga nawa, kwafa kyauta: "Barka da zuwa. Saboda yawan masu buƙata, aikinmu ya cika har wata uku. Cike fom ɗin nan, wakilinmu zai tuntuɓe ka." Masu kira kuma su ji murya a naɗe tana cewa duk wakilanmu suna kan wani layin. Ni na naɗi muryar, na toshe hanci don ta yi kama da ta ofis. A ranar, aikin da ke shagon gaba ɗaya ƙofar kabad ce guda ɗaya.

6. Ja aji

Ranar da hutu ya kama, saƙo ya shigo. "Kafinta, ina gajiya, ya iyali? Yara sun tafi. Yaushe zan leƙo mu yi maganar bencinsu?"

Haka Hedimasta yake yi duk shekara. Ba takarda, ba hatimi. Zai zo da ƙafarsa, ya zauna kan guntun katako, su lissafa azuzuwa da baki, su yi musabaha, shi ke nan. Ka ji ci-baya!

Na'ura ta riga ta amsa masa. Dokar kwas kuma ta ce a bar kwastoma ya jira kwana biyu don ya san darajarka. Na bar shi. A kwana na biyu wata mata daga wata ƙasa ta tambayi kujerar nan mai ƙafa biyar, na ce abin nema ya samu. Sati guda na yi ina mata bayani, a ƙarshe ta tambaye ni ko ina sha'awar shiga kwas ɗinta.

Shi kuwa Yaya ya sauke katako kamar kowace shekara, ya jera har kusa da rufi, ya wasa zarto, yana aiki yana waiwayen titi.

"Hedimasta bai yi magana ba?"

Sai a lokacin na tuna. Na duba a ɓoye, ga kira uku da bai samu shiga ba. Wallahi tsoro na ji irin na yaron da ya fasa tulu. Mutumin kirki a nan zai ce, "Yaya, na yi ɓarna, kira shi yanzu." Amma kai ƙwararre ne. Gyara murya ka ce, "Tsari na kula da shi." Ni haka na ce, sannan na sake tura wa dattijon fom, don kiransa na nufin ya ji muryata ya tambayi Yaya.

7. Raka shi ya ga sakamako

A sati na uku Yaya ya wanke hannu, ya sauya riga, ya ce, "Tashi mu je mu duba shi. Bai taɓa yin shiru haka ba, ina jin ba shi da lafiya." Duk hanya yana maganar ciwon ƙafar dattijon, ni kuma ina ta addu'ar mu tarar da ƙofa a kulle.

A buɗe take. Babbar mota na tsaye a harabar makarantar, ana sauke sababbin bencuna masu ƙamshin fenti.

Da Hedimasta ya zage mu, da na samu sauƙi. Ina! Da murnarsa ya taho yana ɗingishi, ya riƙe hannun Yaya da hannu biyu.

"Kafinta! Kai, na yi farin ciki. Na ga hotunan, har gida na kai na nuna. Na ce yaron nan Allah ya ɗaga shi, ya sha wahala, ya cancanta. Wata uku a cike! Na gwada takardar nan taku sau uku, tana neman wani adireshi na intanet da ba ni da shi. Sai na ce, mu da ɗan bencinmu sittin, kada mu tare masa hanyar arziki. Na ba wani, har na shekara mai zuwa mun yi magana. Ba kamar naka ba ne, amma za mu lallaɓa."

Yaya ya ce, "Madalla, Baba. Allah ya sa a yi karatu lafiya."

Bai kalle ni ba. Ya matsa kusa da benci ɗaya ya shafa shi da tafin hannu, ya tsaya a wani wuri. Kan ƙusa ne ya leƙo. Ya ɗauki dutse a ƙasa ya buga shi har ya nutse, ya sake shafawa, ya wuce na gaba. Sai da ya bi goma sha biyu muna tsaye. "Yara ne za su zauna," in ji shi.

A hanyar komawa na buɗe baki na fi sau biyar, ban sami jimla ɗaya daga satifiket ukun nan da za ta yi amfani ba. Kunya ta ishe ni har na rasa inda zan sa idona. Da muka isa shago ya tsaya gaban tulin katakon, ya miƙo hannu, na ɗora masa wayar.

"Kafin ka rufe shafin naka," ya ce, "rubuta musu muna da lokaci."

Sanarwa

Marubucin wannan darasi ba shi da alhakin duk abin da ya biyo baya. In garin neman gira ka rasa ido, idonka ne. In matar yayanka ta ajiye maka abinci ba tare da ta tsokane ka ba, har ka gane tsokanar ma gata ce, kada ka nemo ni, ban san ka ba. Ba a mayar da data, ba a karɓar ƙorafi.

Sai dai katako ba ya jira, in ya daɗe a jere lanƙwashewa yake, don haka mun fara haɗa bencin ba mai saye. Shi yana yanka, ni ina gogewa, hannuna duk ya yi kanta. In kana da makaranta, ko ka san mai ita, bencuna ne masu ƙafa huɗu, ba su da kyau a hoto. Kira lambar shagon. Yaya ne zai ɗauka.