Ido Huɗu da Baƙuwar Challawa

Duk faɗin Challawa babu mai ido irin na Alhaji Gwadabe, mataimakin manaja a wani kamfanin fata, wanda leburori suka laƙaba wa Ido Huɗu tun ranar da ya rataya madubin hangen nesa a wuya. Da shi yake shiga ofis, da shi yake cin tuwo. An ce ko alwala sai an roƙe shi yake cirewa.

Banza kuwa ba ta kai zomo kasuwa. Lokacin ne Turawa ke miƙa wa 'yan ƙasa kujeru. Manajan kamfanin, Mista Bulok, zai koma gida, shi ne kuma zai nuna magajinsa. Baturen nan ba shi da aiki ran Lahadi sai tsuguno a bakin kogi yana leƙen tsuntsaye. Alhaji ya tattare babbar riga, ya tsuguna kusa da shi.

Kafin wata ya mutu ya zama gangaran. Ya tara ma'aikata lokacin cin abinci, ya nuna wata farar tsuntsuwa can nesa. "Ku ba ku san kome ba! Tsuntsu ma da babba da yaro. Waccan jiya ta taso daga Landan." Balbela ce, tana bin shanu.

Rannan sai ga baƙuwar gaske ta sauka, 'yar mitsitsiya mai dogon baki, ƙafafu kamar tsinke, da zobe a ƙafa ɗaya. Bature ya hau rawar jiki har da ƙwalla. Ya ce shekara da shekaru yake jiranta, daga ƙasar ƙanƙara ta keto hamada. Nan take ya buga wa abokansa waya su zo daga Kaduna ran Asabar su gani.

Alhaji ya yi murmushi. Shi ɗan gidan mutunci ne, ya san abin da babba ya yaba ba a barinsa a daji. Ya aika wa Muntari maharbi, ya gargaɗi matarsa Hajiya Atika kada ta yi rowar yaji.

Ran Asabar baƙi suka cika gidan Bature a Bompai, kowa da madubinsa. Alhaji ya shigo da tire a lulluɓe, ya gyara murya. "Ranku ya daɗe, na hutar da ku zuwa kogi." Ya yaye mayafin. Don kada wani ya yi musu, ya bar mata zobenta. Wayyo baiwar Allah, ta tsallake hamada ta faɗa kasko!

Kujera dai Lawan akanta ya haye ta. Alhaji kuwa har yau laifin Hajiya yake gani. Ya ce da ma ya ji ana cewa Turawa ba sa son yaji.